Kira ga Hukumomin Ilimi da Tarihi Kan Kwalekwalen Dufuna

Zuwa ga shugabannin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da Hukumar Kula da Jami'o'i, da asusun TETFund.

A shekarar 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana a jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da itace a zurfin kusan mita 5. Ashe kwalekwale ne. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tone wurin, suka same shi da tsawon sama da mita 8, awo ya nuna ya kai shekara 8,000. Duk Afirka ba a gano wanda ya girme shi ba. Yanzu yana Damaturu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kula da shi. Itacen da ya daɗe haka cikin damshi, ido na ganinsa garau, alhali ruwa ne ke riƙe da shi. Aka bari iskar hunturu ta busar da shi, sai ya tsattsage ya motse, ba kuma mai iya mayar da shi yadda yake. Dole a shayar da shi wani sinadari mai kama da kakin zuma, ya maye gurbin ruwan sannu a hankali. Jirgin Vasa da mutanen Suwidin suka tsamo daga teku a 1961, shekara 17 suka yi suna fesa masa wannan sinadari. Aikin haƙuri ne, kuma sai wanda ya zauna ya karance shi.

Don haka nake roƙonku, don Allah, ku buɗe karatun digiri na biyu kan binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa da adana su, ko a Zariya inda sashen binciken kufai ya daɗe da kafuwa, ko a Maiduguri. Kafin hakan ta tabbata, a ɗauki nauyin wasu 'ya'yanmu su tafi Jami'ar Iskandariyya a Masar, wadda ke da cibiyar wannan fanni. Najeriya ta amince da yarjejeniyar UNESCO ta 2001 kan kare irin wannan gado, ga Tafkin Chadi da Kwara da Binuwai da gaɓar teku duk suna jiran masu bincike.

Idan ɗaliban sun dawo, a tanadar musu ɗakin gwaji a Damaturu, kusa da kwalekwalen, domin su fara aiki a kansa.