Da Wane Harshe Mazan Jiya Suka Yi Yaƙi?

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya zauna kallon fim ɗin yaƙin da, idonsa yakan fara sauka a kan dawaki da lifidi da sulke da kwalkwali, in waɗannan sun ƙayatar sai a ce an yi aiki. Mu kuwa a ganinmu akwai abin da ya fi su nauyi, watau harshen da aka sa a bakin mayaƙa. Doki ana aronsa, sulke ana ƙera shi, amma magana ita ke tona asalin mutum da zamanin da ya rayu.

Mu dubi abin da ya riga ya faru. A 2021 aka saki fim ɗin Amina na Izu Ojukwu a Netflix, sai ga Sarauniyar Zazzau tana jan rundunarta da Ingilishi, harshen da bai shigo ƙasar Hausa ba sai ɗaruruwan shekaru bayanta. Kafin nan, a 1986, Med Hondo ya shirya Sarraounia, labarin jarumar Lugu ta ƙasar Dogonduci wadda ta kara da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Fim ne na ƙwarai, har ya ci babbar lambar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Amma da yake a Burkina Faso aka ɗauke shi, Julanci aka sa a bakin Sarauniya, alhali kuwa mutanen Lugu Hausa suke yi. Jikokinta sai an yi musu tafinta kafin su ji kakarsu.

Kuma abin ba gagara ya yi ba. Tun 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim da Hausa tsantsa, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977. Can Amurka ma, a 2006, Clint Eastwood ya ba da labarin yaƙin Iwo Jima ta ɓangaren Japanawa da harshensu, duniya ta kalla ta yaba.

To, mu dawo gida. Ƙasar Zamfara cike take da labarin da ya isa fim. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kamar shekara biyar yana wa'azi a cikinta, ya zauna a Faru ta ƙasar Maradun. Alƙalawa, birnin da Gobirawa suka gina a ƙasar da suka ƙwace daga Zamfarawa, ta faɗi a 1808. A Kwatarkwashi aka gwabza tsakanin Kanawa da rundunar Ingila a 1903. Ko ba daɗe ko ba jima wani zai ɗauki na'ura ya nufo wannan tarihi. Ranar nan, cewa an yi fim da Hausa kawai ba za ta wadatar ba, tilas a tambaya, wace Hausa?

Mutumin Mafara ko Bakura cewa yake "munka tahi", "sunka zaka", "shi na", ƙasarsa kuwa Zanhwara yake kiranta. Finafinan Kano sun saba da ajiye wannan kari don ban dariya, a bakin baƙauyen da ya shigo birni. In aka sa barden Zamfara ya yi kirari da Kananci, aka bar Zamfarci ga wawan sarki, an koya wa yaro ɗan Maradun cewa harshen mahaifiyarsa na raha ne, jaruntaka kuwa ta wasu ce. Wannan ɓarna ta fi kuskuren rawani ko sirdi nisa.

Har wa yau akwai kalmomin aro. Soja da kwamanda da oda da bataliya duk da Turawa suka zo. Mayaƙin zamanin Shehu barade ya sani da dakaru da 'yan baka da 'yan lifida, ya san sansani da ganuwa da ribaɗi da ganima. Sa "oda" a bakinsa daidai yake da ɗaura masa agogo a hannu.

Abin da ya fi duka, harshe shi ke nuna wa ke yaƙi da wa. Shugabannin jihadi da Fulatanci suke magana a gida, su yi rubutu da Larabci, su yi wa jama'a wa'azi da Hausa. Rundunar da ta ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903 kuwa Turawan cikinta 'yan kaɗan ne, sauran ɗaruruwan baƙar fata ne, da yawansu Hausa suke ji. Fim ɗin da ya bar mai harbi da wanda ake harbi suna kiran Allah da harshe ɗaya ya faɗi gaskiya mai ɗaci game da yadda aka ci ƙasarmu. Wanda ya mai da kowa Ingilishi ya binne ta.

Masu shirya fim za su ce kasuwa suke nema, kuma ba wanda ya naɗi muryar mutanen 1808. Gaskiya ne, fim kuɗi yake ci. Amma masu jin Hausa miliyoyi ne daga Sudan har Gana, saura kuma fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto ta ishe su. Maganar murya kuwa, rashin sani ya fi dare duhu. Waƙoƙin Hausa na ajami da Nana Asma'u da 'yan'uwanta suka bari suna nan. Faya-fayen Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura da ya shahara da sunan Maradun, suna nan, haka na Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Maccido wanda ya riƙi Talatar Mafara, da na Kassu Zurmi mai zuga 'yan tauri. A cikinsu akwai take da kirari da tsofaffin kalmomin fama da makaɗa suka gada kaka da kakanni.

Saura aikinmu. Dattawan da suka ji labarin zuwan Nasara daga bakin kakanninsu suna ƙarewa, rashin tsaro kuma ya tashi ƙauyuka da dama, mutanensu sun watsu cikin birane inda karin harshensu ke narkewa. Muna kira ga ɗaliban Hausa da na tarihi, daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Kwalejin Abdu Gusau ta Talatar Mafara, kowa ya yi amfani da hutunsa da wayar hannunsa ya naɗi maganar tsofaffin garinsu yadda suka faɗe ta, ban da gyara. Ma'aikatanmu na ofisoshin al'adu su tanadi wurin ajiya, su kuma shimfiɗa wa duk mai neman taimakon hukuma don fim ɗin tarihi sharaɗin ya ɗauki masanin karin harshen wurin. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta. Allah ya sa mu dace.