Na'urorin Tsaro a Mota: Wacce Ke Ceton Rai a Hanyar Filinge?

A wuraren sayar da motocin hannu na birnin Yamai, dillalai sun samu sabon kirari. A da, abin da ake yaba wa mota shi ne ƙarfin inji, da ƙarancin shan mai, da samuwar kayan gyaranta a kasuwa. Yau kuwa sai a ce wa mai saye wannan motar tana da ido, tana taka birki da kanta, tana kuka idan direba ya kauce daga layinsa, har gyangyaɗi tana ganewa. A kan wannan kirari ake ɗora wa farashi ƙari mai tsoka. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Yamai da Filinge, da ma'aikacin gwamnatin da aka tura aiki ƙasar Kurfai ya ci bashin banki don ya mallaki abin hawa, suna da haƙƙin sanin abin da suke biya wa kuɗi, domin a wannan ciniki ba dukiya kaɗai ake sakawa ba, har da rai.

Gaskiya ɗaya ce, waɗannan na'urori ba tatsuniya ba ce. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka, wadda ke bin diddigin rahotannin haɗurra na ƴan sanda, ta gano cewa birkin gaggawa mai kama kansa yana rage karon da mota ke yi wa wata ta baya da kusan rabi. Na'urar gargaɗin kauce wa layi ta rage irin haɗurran da suka shafe ta da kashi 11 cikin ɗari, mai lura da gefen da madubi ba ya nunawa kuma ta rage haɗurran canjin layi da kashi 14. Saboda irin waɗannan hujjoji ne Tarayyar Turai ta wajabta da yawa daga cikinsu a kan kowace sabuwar mota tun daga watan Yulin 2024. Wanda ya ce duk yaudarar Bature ce bai yi adalci ba.

Sai dai kowane alƙalami yana da inda aka auna shi. An samo waɗannan sakamako ne a kan hanyoyi masu farin layi a tsakiya da gefe, masu alluna da fitilu, masu shingen da ke raba mota da dabba, a ƙasashen da makaniki ke da kwamfutar da zai daidaita na'ura idan ta karkace. Kyamarar da ke maƙale a saman gilashin gaba ba ta san hanya ba, fenti take karantawa. Inda babu fenti, makauniya ce.

To, a dubi hanyar da ake magana a kanta. Daga Yamai zuwa Filinge tafiyar kimanin kilomita 180 ce a kan babbar hanya mai lamba 25, ta Baleyara, sannan a bi kwarin Dallol Boso a yi arewa. Ranar Lahadi, ranar babbar kasuwar dabbobi ta Baleyara, hanyar ta kowa ce: garken shanu da tumaki, raƙuma, amalanken jaki, masu babur, mata da kaya a ka, yara masu talla, da manyan motocin ɗaukar dabbobi. Da damina ƙoramu kan kwaso rairayi su shimfiɗa a kan kwalta. Da hunturu hazo kan rufe gaba, ƙura ta lulluɓe gilashi da bamba, inda kyamara da rada suke zaune. Mafi yawan ƙauyukan Kurfai kuwa ba a bakin kwalta suke ba. Dole a sauka a bi jar ƙasa da gargada da rairayi, inda ba a taɓa zana layi ba balle ya goge. A irin wannan wuri, na'urar kiyaye layi da mai karanta allunan ƙayyade gudu ado ne kawai.

Birkin gaggawa ya fi su amfani, amma shi ma yana da iyaka, kuma iyakar tasa ta faɗo daidai inda aka fi buƙatarsa. A shekarar 2022 cibiyar IIHS ta bayyana cewa na'urar da ke gano mai tafiya a ƙasa ta rage banke mutane da kashi 27 cikin ɗari, amma a cikin duhu, a hanyar da babu fitilu, ba a ga wani bambanci ba tsakanin mota mai na'urar da wadda ba ta da ita. Sababbin ƙira sun ɗan gyaru tun daga lokacin, sai dai ba su ne ke isowa kasuwar motocin hannu ba. Batun dabbobi ma haka yake. Kamfanin Volvo ya koya wa motocinsa gane manyan dabbobin dajin arewacin Turai, amma a 2017 ya amsa cewa tsallen dabbar kangaru ta Ostareliya yana rikita na'urar. Abin da ba a koya wa kwamfuta ba, babu tabbacin za ta gane shi. Direban da ya saki jiki da dare tsakanin Bankuku da Filinge, yana jiran mota ta hango masa raƙumin da ya durƙusa a kan kwalta ko amalanke marar fitila, ya yi cinikin biri a sama.

Akwai kuma matsalar gyara, wadda dillali ba ya ambata. Tsakuwa ɗaya daga tayar babbar mota ta isa ta fasa gilashin gaba. Idan aka canza gilashin, wajibi ne a sake daidaita kyamarar da kayan aiki na musamman, haka ma rada idan bamba ta bugu. Idan ba a yi ba, ko dai na'urar ta mutu, ko ta riƙa kuskure, tana kama birki inda babu komai. Abin da kan biyo baya sananne ne: mai mota ya gaji da kukan, ya sa yaron gareji ya cire waya, kuɗin da aka biya ya bi ruwa.

Shin ke nan babu abin saye a ciki? Akwai, kuma abin mamaki shi ne wanda ya fi daraja shi ne wanda ba a yi masa kirari. Na'urar daidaita mota, wadda ake rubuta wa ESC ko ESP, a motocin Toyota kuma VSC, ta fito ne a 1995 daga kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz. Ba ta buƙatar layi, ba ta buƙatar allo, ba ta damu da dare ko hazo ba. Aikinta shi ne ta kwatanta inda direba ya juya sitiyari da inda motar ta nufa a zahiri; idan ta ga baya ya fara zamewa, sai ta kama birkin taya ɗaya tak cikin ƙiftawar ido, ta dawo da motar kan hanya. Wannan shi ne ainihin haɗarin hanyoyin karkara: akuya ta faɗo, direba ya fizge sitiyari, taya biyu su sauka a rairayin gefe, mota ta wuntsila. Binciken Amurka ya nuna cewa wannan na'ura tana rage haɗurran kisa na mota ɗaya da kusan rabi, raguwar wuntsilawa kuma ta ma fi haka. Ga manyan motoci masu tsawo irin su Land Cruiser da Hilux, waɗanda suka fi saurin kifewa, amfaninta ya fi fitowa fili.

Birkin ABS shi ne tushen da aka gina ta a kai, kuma yana barin direba ya juya sitiyari yana cikin taka birki. Amma ya kamata kowane direban Kurfai ya san cewa a kan tsakuwa da rairayi, ABS kan tsawaita nisan tsayawa, domin tayar da ta kulle tana tara ƙasa a gabanta ta tsaya da wuri. Maganin wannan shi ne rage gudu tun kafin a bar kwalta.

Duk wannan magana ce ta masu motar kansu, alhali mafi yawan Kurfayawa a motar haya suke tafiya, cikin Hiace da aka cusa wa fasinja, aka ɗora wa buhuna da tumaki a bisa har tsawonta ya kusa ninkawa. Babu na'urar da za ta riƙe motar da nauyinta ya koma sama, tayoyinta kuma sun sule tun a ƙasar da aka kwaso su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi, kuma ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara haɗurran kisa da kashi 4. Bel ɗin nan mai maɗauri uku tun 1959 aka ƙirƙiro shi, ba ya cin mai, ba ya neman kwamfuta. Abin takaici ne a ga babban ma'aikaci yana alfahari da kyamarorin motarsa, ga bel a rataye a gefensa, ƴaƴansa kuma suna tsaye a kujerar baya. Masu cewa ajali ne ba su yi ƙarya ba, amma addini bai hana riƙon sababi ba.

Nauyin da ya fi girma yana kan hukuma. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma Afirka ce ke kan gaba da mutum 19 cikin kowane dubu ɗari, alhali Turai, mai ɗimbin motoci, 7 take da su. Wani ɓangare na dalilin yana cikin irin motocin da ake turowa. Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2020 cewa Turai da Amurka da Japan sun fitar da motocin hannu miliyan 14 tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin ɗari zuwa Afirka, da yawansu ba za su ci jarrabawar lafiyar mota a ƙasashensu ba. Sabuwar mota ma ba ta tsira ba: a 2018 ƙungiyar Global NCAP ta gwada Nissan NP300 da ake sayarwa a Afirka, ba ta samu tauraro ko ɗaya ba wajen kare manya.

A 2020 ƙungiyar CEDEAO ta amince da ƙayyade shekarun ƙananan motocin da za a shigo da su zuwa biyar. Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, saboda haka yanzu babu wanda za a jingina wa laifi ko jinkiri. Dokar a hannun Yamai take. Ƙa'idar shekara biyar kuwa ta fi ƙarfin aljihun malamin makaranta da ƙaramin ɗan kasuwa. Akwai hanya mafi sauƙi. Amurka ta wajabta na'urar daidaita mota daga ƙirar 2012, Turai kuma a kan kowace sabuwar mota daga Nuwamban 2014. Waɗannan motoci sun haura shekara goma, su ne ke cika kasuwar hannu a yau. Sharaɗin cewa kada duwan ta saki mota sai tana da wannan na'ura, kuma tana aiki, ba zai hana talaka mota ba. Haka nan binciken lafiyar mota, wanda direbobi ke kira bizit, ya kamata ya zama bincike na gaske, a duba taya da birki da bel, ba takardar da ake karɓa ta taga ba. Gwamnati, wadda ke sayen motoci masu yawa da kuɗin jama'a, ta rubuta wannan sharaɗi a cikin kowace kwangila. Hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER, tare da magadan gari da sarakunan Kurfai, su sa a manna wa kowane amalanke abu mai ƙyalli a baya. Kuɗin da ake karɓa a shingayen biyan kuɗin hanya kuma ya koma fenti da alluna da share rairayi, domin farin layi yana yi wa idon direba amfani tun kafin ya yi wa kyamara.

Shi kuwa mai saye, akwai gwajin da ba ya cin ko dala. Idan aka murɗa makulli kafin inji ya tashi, fitilun ABS da na daidaita mota da na jakar iska su kan kama a allon gaban direba na ɗan lokaci, sannan su mutu. Fitilar da ta ƙi mutuwa tana nuna na'urar ta lalace. Wadda ba ta kama ba ko kaɗan, wataƙila an cire ta ne ko an rufe ta don a ɓoye aibi. Wanda ya tabbatar da waɗannan uku, ya sayi taya huɗu masu kyau da ragowar kuɗin da zai biya wa kyamara, ya ɗaura bel, ya shirya tafiyarsa yadda zai shiga Filinge kafin magariba, ya sayi tsaron da ya dace da hanyarsa. Sauran kuwa su jira ranar da hukuma za ta zana wa hanya layin da za su karanta.