Kafin ka miƙa wa ƙaninka waya, miƙa masa muciya

Ɗan uwa, 'yar uwa, mu faɗa wa juna gaskiya. Idan ƙaninka ɗan shekara 5 ya dame ka da "Yaya, me ya sa kaza?", me kake yi? Ka daka masa tsawa, ko ka kunna masa katun a waya don ya ba ka lafiya. Wallahi asara muke tafkawa, domin wannan tambayar ita ce mafarin kimiyya, kuma kayan amsa ta na nan zube a tsakar gidanku.

Fara da madafi. Ka tambaye shi me ya sa Umma ke tuƙa tuwo da muciya, amma cokalin da aka manta a tukunya ba ya taɓuwa. Ƙarfe na saurin ɗaukar zafi ya kai shi hannu, itace kuwa ba haka yake ba. Kai shi gindin randa ya shafa jikinta, zai ji danshi. Yumɓu na da ƙananan ƙofofi, ruwa na tsattsafowa, iska ta busar da shi ya tafi da zafin. Shi ya sa ruwan randa ke sanyi ba tare da wuta ba, na jarka kuwa ya yi ɗumi.

Cika baho da ruwa, ku jefa ƙwarya, dutse, ƙusa da marfin gora. Kafin kowanne ya faɗa, ka ce ya canka: zai nutse ko zai yi iyo? Ya zuba gishiri a kofi ɗaya, yashi a ɗaya, ya motsa ya ga wanda zai narke. In da maganaɗisun tsohuwar rediyo, ya gwada: zai kama ƙusa, amma ba zai kama tukunyar alminiyam ba.

Za ka ce ai wannan aikin malamai ne. To, malamin da ke fama da aji maƙil da yara, yaushe zai ba kowa ƙwarya? Sai dai a rubuta a allo da Turanci, yaro ya haddace, ya zubar bayan jarrabawa. Gani kuwa ya kori ji.

Kuma abin ya wuce cin jarrabawa fa. Yaron da ya gane dalilin naɗe wayar lantarki da roba ba zai cusa ƙusa a soket ba. Wanda ya binne leda da ɓawon ayaba, ya tono bayan wata guda ya tarar da ledar yadda take, zai yi tunani kafin ya jefa ta a kwata.

Ba a ce ka san komai ba. In ya ƙure ka, ka ce, "Zo mu gwada." Minti 10 daga cikin awannin da kake kashewa a TikTok sun isa. Yau da yamma, ɗauko bahon nan, ka kira shi.