Tsakanin Zumbur da Sululu: Abin da Amsa-kama Za Ta Koya wa Mai Motsa Hoto a Kwamfuta

Kwanakin baya wani ɗalibina ya same ni a ofis da kwamfutarsa, ya nuna mini aikin daƙiƙa goma da ya yi da manhajar Blender: wani dattijo ne zaune bisa buzu, aka yi sallama, ya miƙe. Surar ta yi kyau, har da aikin aska a gaban riga. Miƙewar ce ta ɓata abin. Dattijon ya tashi kamar hayaƙi, bai dafa gwiwa ba, bai sunkuya ba, jikinsa ba shi da nauyi ko kaɗan. Na tambaye shi ko zumbur tsohon ya miƙe, ko kuwa da ƙyar. Ya yi shiru, sannan ya ce bai yi wannan tunani ba. Ya sa alama a zaune, ya sa wata a tsaye, kwamfuta ta cike masa sauran.

Ga wanda bai taɓa leƙa wannan fage ba, abin da ido ke ɗauka motsi a fim jerin hotuna ne tsayayyu, galibi 24 a kowace daƙiƙa, kowanne ana kiransa firam. A zamanin zanen hannu, babban mai zane yakan zana muhimman tsayuwa kawai, wato inda motsi ya fara, da inda ya kai maƙura, da inda ya ƙare, ya bar wa mataimakansa su cike tsakani. Waɗannan muhimman hotuna su masu sana'ar ke kira kifiram. A nan zan kira su zango, domin aikinsu ɗaya da na zangon fatake: wuri ne da aka tabbatar za a tsaya, hanya kuwa tana tsakanin wannan da wancan. A farkon shekarun 1970, Nestor Burtnyk da Marceli Wein na Majalisar Bincike ta Ƙasar Kanada suka ɗora wa kwamfuta aikin mataimakan nan, kuma da fasaharsu Peter Foldès ya yi fim ɗin Hunger na 1974. Har yau a kan wannan tsari manhajojin zane mai fuska uku suke tafiya.

Darasin farko bai wuce minti biyar ba. A Blender, mutum zai zaɓi abin da yake so ya motsa, ya tsaya a firam na 1, ya danna harafin I; ya matsa zuwa firam na 24, ya janye abin zuwa wani wuri, ya sake danna I. Shi ke nan, abu ya motsa. Sauƙin nan shi ne tarkon, domin mai koyo yakan ɗauka ya gama alhali bai fara ba.

Shi ya sa malaman wannan sana'a kan fara da aikin ƙwallo mai tsalle. Ƙwallon da aka saka daga tsayin mita ɗaya da 'yan kai yana isa ƙasa cikin kimanin rabin daƙiƙa, wato firam 12. Amma firam ɗin nan ba su raba tazarar daidai ba. Nisan da abu mai faɗuwa ke ci yana ƙaruwa ne bisa tsarin 1, 3, 5, 7, kamar yadda Galileo ya gano, don haka ƙwallon yana barin hannu a hankali, ya iso ƙasa da ƙarfinsa duka. Ita kuwa manhajar, idan aka bar ta da al'adarta, tana haɗa zango da zango da lanƙwasar Bézier, wadda aka sa wa sunan wani injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa. Wannan lanƙwasa tana sassauta gudu a duk lokacin da aka kusanci zango. Sai ka ga ƙwallo ya zo dab da ƙasa ya rage gudu, ya taɓa ta cikin ladabi, ya koma sama. Dole mai koyo ya buɗe allon da ke nuna lanƙwasar, ya karya ta a wurin dira ta zama kusurwa mai tsini. Da Bahaushe zai faɗi wannan gyara, cewa zai yi ƙwallon ya sauka sululu, alhali tim ya kamata ya faɗi.

A nan ne nake ganin muna da abin cewa, mu da ke nazarin harshe. Amsa-kama, wadda muka saba koyar da ita a matsayin wani ɗan rukuni a gefen nahawu, taska ce ta bayanin yadda motsi ke rarrabuwa cikin lokaci. Wanda ya miƙe zumbur ya ƙona tazarar duka cikin firam uku ko huɗu, ba tare da shiri ba. Wanda ya tsaya cak ya yanke lanƙwasarsa a tsaye. Caraf tana nuna hannun da ya fita da sauri ya kulle a kan abu. Tinjim tana ɗauke da nauyi da kuma abin da ya biyo bayan faɗuwar, wato ruwan da ya fantsama. Firgigit kuwa motsi ne da ya fara daga jikin da ke kwance lakadan. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da irin waɗannan kalmomi, haka ma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Ɗalibin da ya tashi da su a bakinsa ya riga ya san bambancin da littattafai irin su The Illusion of Life na Frank Thomas da Ollie Johnston, wanda ya fito a 1981, suka ɓata shafuka suna bayyanawa. Abin da ya rasa shi ne wanda zai nuna masa cewa wannan sani nasa yana da alaƙa da layukan da ke gabansa a allo.

Na san za a ce amsa-kama ba ma'auni ba ce, kuma gaskiya ne. Zumbur ba ta faɗi adadin firam ba. Zumbur ɗin yaro da na dattijo ba ɗaya ba ne. Amma haka kalmomin Italiyanci da makaɗan Turai ke rubutawa a saman takardar kiɗa suke: suna nuna yanayin gudu, makaɗi ya nemo adadin da kunnensa. Idan malami ya ce wa ɗalibi ya gyara tafiyar nan ta zama tiɓis-tiɓis, ya ba shi umarnin da zai iya gwadawa, ya duba, ya sake.

Za a kuma ce wannan aikin sashen kwamfuta ne ko na zane-zane. To, su za su koyar da manhajar, ba na jayayya. Sai dai akwai abin da ba ya cikin darussan da ɗalibanmu ke kallo a intanet, kuma ba ya cikin rumbunan motsi shiryayyu irin su Mixamo, inda mutum zai ɗauko tafiya ko gudu ya liƙa wa surarsa. Ba za ka sami durƙuson gaisuwa a can ba, ko yadda mai babbar riga ke saɓa hannun rigarsa a kafaɗa kafin ya yi magana mai muhimmanci, ko jinjinar mahayi a gaban sarki. A ɗauki daka kaɗai: taɓarya tana hawa a hankali, ta ɗan dakata a sama, ta faɗo da sauri, jikin mai dakan ya bi ta da ɗan jinkiri, idan lugude ne, ga sakin taɓaryar da tafi a tsakani, ga kuma mace ta biyu da dole zangonta na sama ya faɗa daidai da zangon ta farko na ƙasa. Wanda bai zauna ya lura da wannan ba zai sa wa Ƙoƙi rigar Hausa ta yi tafiyar wata 'yar wasa ta Amurka. Mu da muka daɗe muna rubuta tatsuniya a takarda muna kukan cewa rubutu ya haɗiye motsin jikin mai ba da labari, bai kamata mu kau da kai daga kayan aikin da zai iya maido da shi ba.

Batun kuɗi ma ba hujja ba ce mai ƙarfi kamar da. Blender kyauta ce tun 2002, lokacin da masu amfani da ita suka tara sama da Yuro 100,000 aka fanshi lambobinta, Ton Roosendaal ɗan Holan ya sake ta ga kowa. Da ita aka yi Flow, fim ɗin Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025, kuma babu kalmar zance ko ɗaya a cikinsa. Motsin dabbobi ne ya ɗauki labarin duka. Aikin ƙwallo mai tsalle kuwa ƙaramar kwamfuta ma tana ɗauka. Wutar lantarki ce matsalar gaske, wannan kam ba ni da amsarta.

Shawarata ƙarama ce. A cikin darasin fassara da ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi, ko na adabin baka, a ware mako uku ko huɗu. A ba kowane ɗalibi ƙwallo ɗaya a allo da amsa-kama biyar, ya motsa ƙwallon sau biyar, sauran 'yan aji su faɗi kalmar da ya nufa ba tare da an gaya musu ba. Inda suka dace, mun sami shaidar abin da kalmar ke ɗauke da shi. Inda suka saɓa, kamar yadda nake zaton Bakano da Basakkwace za su saɓa a kan wasu, mun sami batun bincike.

Ɗalibin nan ya dawo bayan mako biyu. Ya ƙara zango uku tsakanin zama da tsayuwa: dattijon ya karkata gaba, ya dafa gwiwa, ya ɗan dakata kafin ƙugunsa ya miƙe. Ya ce kakansa ya riƙa kallo a zaure bayan sallar la'asar. Rigar dai har yanzu tana tsaye kamar kwali, kuma ya ce wannan sai darasi na gaba.