Wa ke binciken 'yan jarida? Tambayar da ta shafi masu saurare a Magarya da Dungas

A ranar 25 ga Disamba 2024 shugaban Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, ya yi doguwar hira da harshen Hausa a gidan talabijin na ƙasa, inda ya zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa don dagula wa Nijar lissafi. Ba a jima ba mai bai wa shugaban Najeriya shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya musanta zargin, shi ma da Hausa, a BBC. Sai dai a lokacin an riga an toshe muryar BBC a Nijar. Tun ranar 12 ga watan gwamnati ta dakatar da ita na wata uku, bisa zargin yaɗa labarin ƙarya kan wani hari a jihar Tillaberi.

Ga mutanen gundumomin Magarya da Dungas na jihar Damagaram, wannan cacar baki a ƙofar gida take. Yankin na iyaka da Jigawa da Katsina, kasuwar Maigatari tasu ce, kuma sun ɗanɗani kuɗarsu lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har zuwa watan Maris na 2024. Guntayen hirarrakin biyu sun yi ta yawo a WhatsApp, kowa ya riƙe wadda ta yi masa daɗi. Abin da mai saurare ya rasa shi ne wanda zai zauna ya warware masa yadda aka yi aikin: waɗanne tambayoyi 'yan jaridar gwamnati suka yi wa shugaban, waɗanne suka bari, kuma daga ina BBC ta samo alƙaluman mamatan da suka jawo mata hukunci.

Wannan shi ne aikin shirin The Listening Post na tashar Al Jazeera ta Turanci, wanda ɗan jaridar Kanada Richard Gizbert ya fara gabatarwa a 2006. Duk mako shirin yakan ɗauki labari ɗaya ya duba yadda kafafe suka ba da shi, wa ya mallaki kafafen, me aka ɓoye. A Ostareliya tashar ABC na da irinsa, Media Watch, tun 1989. A Amurka kuwa CNN ta soke nata, Reliable Sources, a 2022 bayan shekara 30, abin da ke nuna cewa ko a can gidajen labarai ba sa jin daɗin riƙe madubi a gaban fuskarsu.

A Nijar an taɓa gwada wata hanya. A 2010 an soke hukuncin ɗauri kan laifukan aikin jarida, 'yan jarida kuma suka kafa ƙungiyar ONIMED domin su riƙa tsawata wa junansu. A ranar 30 ga Nuwamban 2011 Mahamadou Issoufou ya zama shugaban ƙasa na farko da ya sa hannu kan yarjejeniyar Table Mountain ta kare 'yancin jarida. Tunanin a lokacin shi ne, ɗan jarida ya gyara ɗan'uwansa kafin alƙali ya shigo.

Yanzu lamarin ya juye. An dakatar da RFI da France 24 a watan Agustan 2023. An tsare Samira Sabou a ƙarshen Satumban shekarar, an dakatar da Maison de la Presse a Janairun 2024, an kama Idrissa Soumana Maiga na jaridar L'Enquêteur a watan Afrilu. A watan Yuni aka maido da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet, har shekara biyar ga wanda ya yaɗa abin da aka ce zai iya tada zaune tsaye. Wato sukar aikin jarida ta koma hannun hukuma, kuma da rufewa da kamu take zuwa.

Amma kuskure ne a ɗauka cewa matsalar jarida a kudancin Damagaram duk ta gwamnati ce. Gidajen rediyon karkara, waɗanda su ne manoma suka fi ji, na rayuwa ne da kuɗin sanarwar biki da rasuwa da shirye-shiryen da ƙungiyoyin agaji ke biya. Wakilin da ba shi da albashin kirki, wanda mai taro ne ya biya masa kuɗin mota ya kuma sallame shi da 'yan jakunkuna, da wuya ya koma ya ce taron bai tsinana komai ba. Kowa a cikin sana'ar ya san da haka, ba a dai faɗa a iska.

Misalin 2018 ya isa. A watan Satumban shekarar ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara kimanin goma ke mutuwa kowace rana a sashen yara na asibitin Magarya, galibi sanadin zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Daga sanarwar ƙungiyar ne labarin ya shiga manyan kafafen duniya. Shirin da ke bin diddigin jarida zai tambaya: wa ya ba da labarin kafin sanarwar, wa ya koma asibitin bayan kaka, kuma me ya sa sai baƙo ya yi magana ake jin abin da iyaye mata na Wacha da Dan Tchiao da Dogo-Dogo suka daɗe da sani? Haka ma labarin itatuwan gawo da manoman Magarya da Matameye da Mirriah suka raya a gonakinsu, wanda binciken masana da hotunan tauraron ɗan'adam ne suka fitar da shi duniya.

Akwai haɗari, kuma ba ƙarami ba ne. A inda kuskuren ɗan jarida zai iya kai shi gidan kaso, shirin da ke nuna kurakuran abokan aiki na iya zama ɗan rahoton hukuma ba da niyya ba. Idan kuma gidan talabijin na gwamnati ne ya ɗauki nauyinsa, zai fi ƙarfin zare ido kan RFI da BBC, ya kawar da kai daga nasa labaran. The Listening Post ma ana yi masa wannan tambaya game da Katar, wadda ke ɗaukar nauyin Al Jazeera.

Sannan talabijin ba ita ce hanyar ba a ƙauyukan da wutar lantarki ba ta wadata ba. In har irin wannan shiri zai isa Dungas, ta rediyo da wayar hannu zai bi, kuma da Hausa, harshen da kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana a matsayin harshen ƙasa. Hanyar ma a shimfiɗe take: tun 2016 Studio Kalangou ke shirya labarai a Yamai da harsuna biyar, har da Hausa, yana aika wa gidajen rediyon abokan hulɗarsa a jihohi. Abin da ya rage shi ne gidan da zai yarda a buɗe shirin farko da kurakuransa, da kuma tabbacin cewa wakilin da aka ambaci sunansa ba zai kwana a ofishin 'yan sanda ba.