Ta ƙofar Hausa ya kamata Ingilishi ya shiga aji

Yaron da ya shiga ajin farko na sakandare a Agye, ko Gazawa, ko Gidan Rumji, a nan yake fara karatun Ingilishi. Malami ya rubuta kalmomi a allo, ya jera ma'anarsu da Faransanci a gefe, yara su kwafa su haddace. Ke nan ana fassara masa baƙon harshe da wani baƙon harshen da bai gama zama a bakinsa ba. A ganina, a nan ɓarnar take farawa.

Abin takaici shi ne, wannan yaro ba da hannu biyu ya zo aji ba. Yankin Maraɗi maƙwabcin Katsina ne. Kasuwanci, auratayya, rediyo da finafinan Kano sun daɗe suna shigo mana da kalmomin Ingilishi sanye da rigar Hausa. Bokiti, tebur, burodi, gilashi, buroshi, tela, direba, makaniki: duk ya san su tun kafin ya riƙe alli. Bai dai san asalinsu ba, kuma ba a faɗa masa.

Mu ɗaliban kimiyyar harshe mun san abin da ya faru da su. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe a farkon kalma, kuma ta fi son kalma ta ƙare da wasali, sai ta cusa wasula: bread ta koma burodi, glass ta koma gilashi, brush ta koma buroshi. In aka nuna wa yaro wannan ƙa'ida sau ɗaya, ya sami ma'ana, ya kuma gane inda harshensa zai yi tuntuɓe wajen furuci. Darasi biyu a zama ɗaya.

Za a ce aro na yaudara. Gaskiya ne. Mota daga motor ta fito, amma Bature car yake cewa. Sai dai Faransanci ma ba ta tsira ba: ɗalibin da ya dogara da librairie, wato shagon sayar da littattafai, zai ɓata hanya idan ya gamu da library, ɗakin karatu. Tun da kowace gada na da ramukanta, gara wadda yaro ya saba takawa.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Takarda ta yi nata. Saura ƙaramin ƙamus na Ingilishi da Hausa wanda ya dace da ajin farko, a tattaro kalmominsa daga bakin mutanen kasuwa da tasha, ba daga birni kaɗai ba, domin abin da ɗan Gazawa ya aro ba lallai ne ya zo ɗaya da na ɗan Yamai ba. Wannan aikin namu ne, kuma hutun ƙarshen shekara ya isa a fara shi.