A Bar Yaro Ya Yi Ɓarnarsa

Tambayi ɗan firamare a Jos Jarawa mene ne makamashi, zai rattabo maka haddar Turanci tiryan-tiryan. Ce masa ya nuna, sai ya yi zuru. A ganina laifin ba na malami kaɗai ba ne, har da mu a gida da muke kiran ƙere-ƙeren yara ɓarna.

Ga kara, ga marafan kwalba. A bar shi ya haɗa 'yar taya mai fukafukai, a tsiyaya mata ruwan buta ta juya. A ɗaga butar sama, gudu ya ƙaru. Sannan a gaya masa haka ruwan Kurra ya riƙa juya injinan NESCO, kamfanin da aka kafa a 1929, lantarki yana isa wuraren haƙar kuza.

Soket dai kada ya kusance shi, batirin tocila ya ishe shi.